Ramukan da Na Tona a Fakon Kakanmu

Bari in fara da wautata, tunda na san idan ban faɗa da bakina ba, ku ƙannena za ku ƙara mata gishiri kafin ta isa kunnen 'ya'yanku. Lokacin da zan tafi aikin sa-kai, na bi unguwarmu Gidan Igwai shago-shago ina sallama, ina cewa zan tafi ƙasar waje. Ban yi ƙarya ba. Sai dai ban faɗi sunan ƙasar ba, kuma duk wanda ya tambaya sai in ɗaga kai sama in ce masa nesa ce. Ƙasar kuwa Nijar ce. A hau mota zuwa Illela, a tsallaka Ƙonni, a wuce Tawa kaɗan. Wanda ya karya kumallo a Sakkwato zai iya yin la'asar a can. Amma kafin in kai iyaka, mai shayin bakin layinmu ya riga ya kai ni Jamus, mai wankin hula kuma ya rantse Kanada na tafi, har ya ce ya ga jirgin da ya ɗauke ni ya wuce ta kan shagonsa.

Saboda haka ranar da na dawo, bayan wata huɗu, rabin unguwa ne ya taru a ƙofar gidanmu. Tsakiyar bazara ce, irin zafin da ko ƙadangare sai ya nemi izini kafin ya tsallaka titi. Na sauko daga keken haya mai ƙafa uku, na yi baƙi kamar gindin tukunya, wuyana ya yi tsawo. Kayana uku ne: jakar da na tafi da ita, rabin buhun irin gero, da wata diga mai gajeriyar ƙota. Mutane suka dubi digar, suka dube ni, suka leƙa cikin keken ko akwai sauran kaya. Mai shayi ya tambayi agogon da na yi masa alkawari. Na ce yana hanya. Har yau yana hanya.

Kaka Ige, mahaifiyar Babanmu, ita ce ta ƙarshen fitowa, tana dogara sandarta. Kun san tsakanina da ita babu raga wa juna. Tun ina rarrafe take kirana mijinta, ni kuma in ce na sake ta. Ta zagaya ni sau ɗaya kamar mai taya rago, ta taɓa digar da sanda.

"Wanga shi na tsarabar? Maza na tahiya su dawo da atamfa, nau mijin ya dawo da abin haƙa kabari."

Na ce mata wannan digar sai ta ciyar da ita. Ta ce to Allah ya sa tana da haƙoran cin ƙarfe.

Ga waɗanda ba su san yadda aka yi na tafi ba, aikin Malam Bitrus ne, maƙwabcinmu mai koyar da darasin noma, mutumin Filato da ya daɗe a Sakkwato har ya fi ni iya Sakkwatanci. Na gama sakandare ina zaman jiran jami'a, ba ni da aiki sai tsokanar awakin mutane da koya wa yara waƙar zambo. Wata rana ya kama ni na ɗaura wa bunsurun liman hula, sai ya ce wa Baba akwai wata ƙungiya da ke neman matasa masu ƙarfi su je taya manoma farfaɗo da ƙasar da ta mutu, kuma a ganinsa ni ƙarfi ya yi mini yawa. Baba bai ko bari ya rufe baki ba ya ce a tafi da ni.

A can aka haɗa ni da wani dattijo, Baba Mamman, wanda a gidansa na zauna. Shi ya koya mini tassa. Tassa ba wani abin mamaki ba ne a ido: ramuka ne ƙanana da ake tonawa a fako tun da rani, faɗin kowanne kamar kwanon tuwo, zurfinsa kamar taƙi guda. Ƙasar da aka fitar sai a tara ta a bakin ramin ta gefen gangare, ta zama kamar ɗan jinjirin wata, yadda idan ruwa ya gangaro zai faɗa ramin, tudun ya hana shi wucewa. A zuba taki tafi biyu a ciki. Gara ta ji ƙanshin taki ta zo, ta huda ƙasar ta yi hanyoyi, ruwa ya bi hanyoyin ya nutse. Idan damina ta sauka sai a shuka a cikin ramin. Na ga gonakin da aka yi wa haka shekaru uku baya, karan geronsu na bara yana nan tsaye ya fi ni tsawo, a wurin da aka ce da ko ciyawa ba ta yarda ta fito. Na tona ramuka a ƙauyen nan har na fara ganinsu a cikin tuwo. Abu ɗaya ne ban taɓa yi da kaina ba. Kowace safiya Baba Mamman ne ke wucewa gaba da sanda, yana zana mana inda za a tona da gefen da za a zuba ƙasa. Ni kuwa ina baya ina ba sauran samari labarin yadda na taɓa kokawa da kada a gulbin Rima.

Kwana biyu da dawowata, muna cin tuwo bayan magariba, na ji maganar da ta sa na ajiye loma. Gonar Kakanmu marigayi, wadda ke bayan Kalambaina, za a sayar da ita. Ni ban taɓa ganin ta a matsayin gona ba; tun da na yi wayo fako ce, ja, mai tauri kamar daɓen siminti, tsamiya ɗaya a ƙarshenta, sai wani tsohon gawo a ɗaya gefen, kusa da hanya. Masu haƙar burji sun zo wa Baba sau biyu, suna so su sa tifa su kwashe ta. Kwanon rufin ɗakin Inna, mahaifiyarmu, kuwa ya ruɓe, bara da kwanuka muka tari damina a tsakar ɗaki. Shekara da shekaru Kaka ce ke hana sayarwa, amma a wannan karon ta ce ta gaji da tsaron ƙasar da ba ta ba kowa ko zangarniya. Ta faɗa tana kallon bango.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce a ba ni gonar damina ɗaya. Na yi jawabi mai tsawo, na kawo gara, na kawo taki, na kwatanta tsawon gero da hannu har na kusa ture fitila. Baba ya bar ni na gama, ya wanke hannu, ya ce:

"Nasiru, kai ko tukunyar fulawa aka ba ka sai ta mutu. Amma na ji. Damina ɗaya. In ban ga gero da idona ba, tifa za ta shiga, kuma kada in ji bakin kowa."

Washegari na fara. Na ɗebi abokaina shida daga majalisa, na yi musu alkawarin za su shiga tarihi. Rana ta farko diga ta daki ƙasa ta yi tsalle ta dawo kamar ta ga maciji. Rana ta biyu mutum uku suka tuna suna da ciwon baya na gado. Rana ta uku na waiwaya na ga ni kaɗai ne da inuwata, ita ma tana neman guduwa. Ban damu ba. Kullum bayan asuba in hau motar masu zuwa aiki Kalambaina, in tona har rana ta take, in kwanta ƙarƙashin tsamiya, in tashi da la'asar in ci gaba. Da yamma kuma in bi gida-gida da buhu ina roƙon kashin awaki. Matan unguwa suka daina kirana Nasiru. Idan na yi sallama sai in ji an ce, ga injiniya nan ya zo kwasar kayan aikinsa. Waɗanda na taɓa ɗaura wa awakinsu gwangwani a wutsiya sai da suka sa na share turken tas kafin su bar ni in ɗiba.

Mako na biyu Malam Bitrus ya zo a babur ya duba aikin. Ya yaba zurfin ramukan, ya yaba tazarar da ke tsakaninsu. Sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon filin, ya ce wurin ya yi masa shimfiɗe da yawa, ido na iya yaudarar mutum. Yana da dogon tiyo mai haske a makaranta, a cika shi da ruwa a auna a ga ina ne sama ina ne ƙasa. Na yi dariya irin ta manya. Na nuna masa hanya, na ce ai ko makaho ya san ruwa hanya yake nufa, domin nan ne kwata take. Na ce idona ya sha horo wata huɗu. Ya ce to, injiniya, ya hau babur ɗinsa. Ita ma Kaka ta tambaye ni wata rana me nake yi a gonar mijinta na gaskiya da har tafin hannuna ya zama kamar bayan kunkuru. Na ce mata kimiyya ce, ba za ta gane ba, ta dai tanadi turmi. Ta ce madalla.

Kafin hadarin farko na tona rami ɗari bakwai da 'yan kai. A majalisa dubu uku nake cewa, amma ku ɗari bakwai za ku riƙe. Kowane rami da ɗan tudunsa a gefen hanya, a jere, gwanin kyau.

Ruwan farko ya sauka ranar wata Lahadi da yamma, mai ƙarfi, har kwanukan Inna suka koma bakin aiki. Da gari ya waye na sa rigar sallata. Na ce Baba ya rufe shago, na ɗauko Kaka, na tsaya ƙofar Malam Bitrus na ce ya zo ya ga abin da ake kira aiki. Muka cika keke. A hanya ina ta yi musu bayanin cewa kada su tsorata idan sun ga ramuka ɗari bakwai cike da ruwa suna ƙyalli kamar madubai.

Babu madubi ko ɗaya. Ramukan sun ɗan jiƙe, iyakar abin da ya faɗo musu daga sama kai tsaye. A kan jar ƙasar kuwa ga sawun ruwa nan ɓaro-ɓaro, ya taho daga wajen hanya, ya iske tudun kowane rami ya tare masa gaba, ya rabu biyu ya kewaye shi cikin ladabi, ya haɗe a baya ya wuce abinsa. Rami ɗari bakwai, kowanne na gina masa katangar da za ta kare shi daga ruwa. Wata shida da na yi ina tunanin tassa, ashe laima na yi wa gonar.

Baba ya tsuguna, ya tura yatsa cikin rami ɗaya. Gaɓa guda ta shiga, ƙasa ta bushe. Ya gwada na biyu, ya gwada na uku. Ya share yatsan a gefen wando. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Malam Bitrus ya juya yana duban tsamiya kamar bai taɓa ganin itace ba, kafaɗunsa suna rawa.

Kaka ta karɓi butar da muka zo da ita, ta taka zuwa tsakiyar fili, ta tsiyaya ruwa a ƙasa. Muka zuba ido. Ruwan ya tsaya kaɗan, sannan ya miƙe siriri ya nufi tsamiya, ya ba hanya baya.

"Ka gani? Buta ma ta hi ka ilimi."

Ta ce shekara ashirin tana kawo wa Kakanmu fura gonar nan. Duk ranar da ruwa ya kama su, takalminta a gindin tsamiya take tsintar sa. Ta ce hanyar da nake gani an ɗaga ta ne daga baya, da aka zo yin kwalta, shi ya sa gindinta yake kama da kwari, yana ruɗin ido. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini tun farko.

"Ka tambaye ni? Ka ce kimiyya ta. Ni mi nas sani, tsohuwa mai turmi?"

A nan Baba ya ciro waya daga aljihu, ya ce masu burji dama sun ce za su zo ranar Juma'a su auna. Amma bakina bai mutu ba. Bakina bai taɓa mutuwa ba. Na ce Baba, damina ɗaya ka ce, ba ruwa ɗaya ba. Na ce ramukan lafiyarsu lau, takin yana ciki, gara ta riga ta kama aiki, ga hudojinta nan. Tudun kawai za a kwashe daga wannan gefe a mayar wancan. Na ce kuskuren nawa ne, ba na tassa ba, kuma na ga abin nan yana aiki da idona. Malam Bitrus ya daina dariya ya ce yaron ya yi gaskiya a wannan. Baba ya dubi wayar, ya dubi sama inda wani hadarin ke haɗuwa can gabas, ya dubi mahaifiyarsa.

"Ɗakin uwarku ba zai ƙara damina a haka ba. Abin da ka juya kafin ruwa na biyu, na bar maka. Abin da ya rage, nasu ne."

Babu wanda ya ce bai yi adalci ba, har ni.

Sai maganar ta ina za a fara. Ni na so a fara daga sama, wajen gawo, domin a nan Kakanmu yake kafa bukkarsa, har yanzu akwai duwatsun murhunsa uku a wurin, kuma na san nan ne zuciyar Kaka take. Ta daɗe tana kallon gawon. Sannan ta ce a'a, a fara daga tsamiya. Ta ce can ruwan gonar duka yake taruwa, can ƙasar ta fi laushi, can ne gero zai yi idan zai yi. Na ce to bukkar fa? Ta ce mai bukkar ba ya cikinta, kuma shi da kansa da yana nan daga tsamiya zai fara.

Kwana biyar muka samu. Na ce muka, domin a wannan karon ban yi jawabi ba, roƙo na yi. Malam Bitrus ya kawo tiyonsa ranar farko, muka auna, tiyo ya faɗi abin da buta ta faɗa. Bayan an tashi makaranta yakan zo ya karɓi shebur. Biyu daga cikin masu ciwon baya suka warke, da suka ji Kaka na kawo fura. Ita kuwa ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin tsamiya, ta zama shugabar aiki. Ba ta taɓa ganin tassa ba a rayuwarta, amma ta san inda kowane ɗigon ruwa ke bi a filin nan. Takan nuna da sanda ta ce wannan layin a karkata tudunsa kaɗan, akwai wata 'yar hanyar ruwa da ke ratsowa ta nan. Idan na tsaya miƙe baya sai ta ce ta ga sabon miji a kasuwa wanda ba ya hutawa. Tafin hannuna ya fashe, Inna ta ɗaure mini da tsumma da man kaɗanya, na koma. A kwanakin nan ban ba kowa labarin kada ba. Abokaina sun ce har tsoro na ba su.

Ranar Asabar da azahar iska ta juya. Muna layi na goma sha tara aka fara yayyafi, muka ci gaba, aka tsuge, muka ci gaba, sai da Kaka ta ce idan tsawa ta kashe ni ba za ta yi mini takaba ba sannan muka gudu ƙarƙashin rumfar wani mai faci a bakin hanya. Da aka ɗauke muka koma. Daga tsamiya zuwa tsakiyar fili, kowane rami cike yake taf, sama tana ciki. Daga tsakiya zuwa gawo kuwa, ruwa ya sake kewaye su ya wuce. Kamar an ja layi da igiya. Na ƙirga waɗanda muka juya, ɗari uku da arba'in. Na so in yi ihu, na so in yi kuka, sai na yi atishawa.

Washegari muka shuka irin da Baba Mamman ya ba ni. Ya tsiro, ya yi kore shar a kan jar ƙasa, har masu wucewa a mota suna rage gudu. A tsakiyar damina aka yi fari na kusan mako uku. Geron maƙwabta ya naɗe ganye ya sunkuya, nawa yana tsaye a cikin ramukansa kamar ba da shi ake ba. Wani manomi daga gonar gaba, wanda da yake kirana mahaukacin birni, ya zo ya tsuguna ya tona gefen rami da yatsa, ya ji danshi, ya tambaye ni yadda ake yi. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Da ya tambayi gefen da ake zuba ƙasa, na ce kafin ya taɓa diga ya je ya nemo wanda ya fi kowa tsufa a gidansu.

Baba ya zo sau ɗaya, lokacin da gero ya fitar da kai. Ya shiga ciki har ya ɓace mini, ya fito da zangarniya ɗaya a hannu, ya murza ta, ya hura, ya watsa a baki. Ya ce ba laifi. Ku da kuka san Baba kun san wannan kalmar ita ce lambar yabo mafi girma da yake bayarwa. Ko ranar da aka haife ni an ce abin da ya faɗa ke nan.

To ga yadda ta ƙare, ba yadda nake faɗa a majalisa ba. Rabin gonar na sama an sayar, kamar yadda Baba ya ce. An yi wa ɗakin Inna sabon kwano. Tifa ta shiga bayan girbi, ta kwashe ramukana ɗari uku da sittin da wani abu tare da takinsu, ta tumɓuke gawon. Yanzu wurin rami ne guda ɗaya wanda zai haɗiye masallacin layinmu. Da na saurari Malam Bitrus, ko na yi wa Kaka tambaya ɗaya, da gonar tana nan dukanta. Kaka ba ta taɓa faɗa mini haka ba, amma idan muka je takan zauna ta ba wancan gefen baya. Rabin gonar na ƙasa kuwa yana nan, namu ne, Baba ya ce ba mai taɓa shi. Dami goma sha ɗaya muka ɗaure a cikinsa.